Kwalekwalen Dufuna: Mun Riƙe Shekaru, Mun Saki Gizago

Nufina a wannan ɗan sharhi shi ne in dubi yadda ake ba da labarin kwalekwalen Dufuna a jaridu da rediyo da azuzuwanmu, in nuna inda nake ganin labarin ya gaza. A taƙaice, ƙorafina shi ne an cika mu da alfaharin tsufan jirgin, an manta da hannun da ya sassaƙa shi.

Yadda Aka Samo Shi

A shekarar 1987 wani makiyayi Bafulatani yana haƙa rijiya kusa da ƙauyen Dufuna, daura da kogin Komadugu Gana, sai ya ci karo da wani baƙin icce a ƙarƙashin ƙasa. Wurin yana cikin Ƙaramar Hukumar Fune ta Jihar Yobe ta yau, ko da yake a lokacin Jihar Barno ce, don sai a 1991 aka ƙirƙiro Yobe. A 1994 masana daga Jami'ar Maiduguri da ta Frankfurt ta ƙasar Jamus, cikinsu har da Abubakar Garba da Peter Breunig, suka tone wurin sosai. Sun tarar da jirgin kwance a zurfin kimanin mita 5. Tsawonsa mita 8.4 ne, wato ƙafa 27 da 'yan kai, faɗinsa kamar rabin mita, kaurin jikinsa kuwa wajen santimita 5. An sassaƙa shi daga gungume guda na dangin maɗaci. Da aka yi masa awon shekaru a ɗakin bincike, sai aka ga ya kai shekara 8,000. A 1998 aka fitar da shi aka kai Damaturu don adanawa. Shi ne jirgin ruwa mafi tsufa da aka taɓa samu a Afirka.

Aibi Na Farko: Gasar Tsufa

Duk wanda ya tashi maganar Dufuna, abin da yake fara faɗa shi ne matsayinsa a duniya. Wannan ya ce na biyu ne, wancan ya ce na uku, kamar ana sukuwar dawaki ranar hawan sallah. Haƙiƙa alfahari da kayan gado ba laifi ba ne. To amma irin wannan lissafi ba shi da tabbas, domin gobe wani manomi a wata ƙasa yana iya tono wanda ya girme shi. Alal misali, a farkon wannan ƙarni an tono wani kwalekwale a Kuahuqiao ta ƙasar Sin wanda shekarunsa suka yi kusa da na Dufuna. In darajar namu a lamba kaɗai take, ashe kowane sabon tono rage mana ita zai yi.

A nawa ɗan tunani, darajar tana jikin iccen. Mu sake duban awon nan. Tsawon jirgin ya ninka faɗinsa kusan sau 17. Duk wanda ya taɓa shiga jirgin fito ya san cewa dogon jirgi siriri yana yanka ruwa da sauri, amma yana da saurin kifewa a hannun wanda bai iya ba. Ke nan masu shi gwanayen tuƙi ne. Sannan a ce an rarake gungume mai tsawon ƙafa 27 har aka bar bangonsa bai fi faɗin yatsu uku ba, ba a huda ba, ba a tsaga ba, wannan ba aikin ɗan koyo ba ne. Goshinsa da bayansa duka an fiƙe su da kyau. Wannan ne ya sa masanan da suka tone shi suka ce sana'ar ta daɗe tana gudana kafin a zo kan wannan jirgi. Bugu da ƙari, duk wannan an yi shi ne dubban shekaru kafin a san ƙira da ƙarfe a ƙasashen nan. Makaman zamanin na dutse ne, dangin abin nan da manoma kan tsinta a gona muna ce masa gatarin aradu. Daɗin daɗawa, samun miƙaƙƙen icce mai wannan tsawo a wurin da yau fari ya yi wa katutu yana nuna mana cewa a da ƙasar tana da dausayi da manyan itatuwa, lokacin da Tafkin Cadi ya ninka girmansa na yanzu sau da yawa. Duk wannan karatu yana jikin jirgin, amma mai gasar tsufa ba ya tsayawa ya karanta.

Aibi Na Biyu: Na Wace Ƙabila Ne?

Akan ji wasu suna jan jirgin zuwa ga ƙabilarsu, wannan ya ce kakanninsa ne, wancan ya ce nasa ne. Mu ɗaliban Hausa ya kamata mu fi kowa taka-tsantsan a nan. Shekara 8,000 ta wuce duk wata daula da muke da labarinta, ko Kanem-Barno, ko Kano, ko Kabi, nesa ba kusa ba. Icce kuma ba ya magana da harshen kowa. Abin da muka gada daga masu jirgin nan ita ce dabarar sarrafa icce ya ɗauki mutum bisa ruwa, kuma wannan gado na duk mai riƙe da gizago ne a bakin kogi, ko Basarke ne, ko Banufe, ko Babarbare.

Aibi Na Uku: Kaya Ba Bayani

Wannan shi ne ya fi damuna. Ɗabi'ar gidajen ajiye kayan tarihi ita ce a kafa abu, a liƙa masa 'yar takarda mai suna da shekara, shi ke nan. Wannan na iya wadatarwa ga takobi ko alkyabba, amma jirgi ba a gane shi sai an san yadda aka yi shi. Masassaƙinmu na yau yakan zaɓi iccensa tun yana tsaye, maɗaci ko maje ko wani mai jure ruwa. In ya kayar, sai ya yanke tsawon da yake so, ya daidaita saman gungumen, ya fitar da siffar waje da gatari, sa'an nan ya shiga rarake ciki da gizago. Yana yi yana ƙwanƙwasa bangon yana saurare, domin kunne da tafin hannu su ne ma'auninsa na kauri. A wasu wurare akan haɗa da wuta, a ƙona cikin kaɗan-kaɗan ana kankarewa. Wannan ilimi ba ya shiga akwatin gilashi. Yana cikin kan mai sana'a, ranar da ya kwanta dama kuwa ya tafi da abinsa.

Ga misalin da ya dace mu yi koyi da shi. A 1955 an tono wani ƙaramin kwalekwale a Pesse ta ƙasar Holan, tsawonsa kamar mita 3, wanda ya girmi na Dufuna, yana kuma ajiye a gidan tarihi na garin Assen. Wasu suka yi ta musu cewa ba jirgi ba ne, komin dabbobi ne. Musun bai yi sauƙi ba sai da aka sassaƙa irinsa a 2001, aka sa a ruwa, mutum ya shiga ya tuƙa. Gani ya kori ji. A nan gida ma, dole a yaba wa Abubakar Garba, wanda a 1996 ya yi rubutu yana kwatanta jirgin Dufuna da aikin masassaƙan zamaninmu. Hanyar da ya bi ita ce daidai. Sai dai rubutun da Turanci yake, an kuma buga shi a Jamus, saboda haka masassaƙan da aka ɗebo ilimin daga gare su ba su da hanyar karanta shi.

Mu Dawo Gida

Mai karatu na iya cewa, ina ruwan mutumin Illela da jirgi, shi da ke bakin iyaka yana kallon Birnin Ƙonni? To ai Tafkin Kalmalo a ƙasar Illela yake, kuma ya ciyar da masunta shekara da shekaru kafin fari da madatsun ruwan da aka gina a kwarin Majiya cikin Nijar su rage masa ƙarfi. In tafki ya ja baya, jirgi yakan zama makamashi, kalmomin sana'ar kuma su bi shi cikin murhu. Ƙasar Sakkwato da Kabi kuwa ƙasar ruwa ce tun asali. Ruwayoyin tarihi sun ce Kanta na Kabi yana da jirgi da aka lulluɓe da tagulla wanda yake kewaya ƙasarsa da shi. Muna da Sarkawa, muna da sarautar Sarkin Ruwa, muna da gora da homa da taru. Bikin kamun kifi na Argungu ya samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, kuma UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016. A garin ne kuma aka mai da tsohuwar fada gidan tarihin Kanta a 1958. Can sama a kogin Kwara, Mungo Park ya ga jiragen da aka haɗa gungume biyu baki da baki a Segu a 1796. A Tafkin Cadi kuma Buduma suna ɗaure ciyawar ruwa su yi jirgi da ita. Kowace al'umma da irin amsar da ta ba ƙarancin icce. Amma mu da muke rubuta kundaye a kan waƙa da karin magana da bukukuwan aure, sau nawa muka zauna gaban mai sassaƙa jirgi da alƙalami?

Kada a ɗauka wannan zancen nishaɗi ne kawai. A watan Mayu na 2021 wani jirgi ya tarwatse a kogin Kwara kusa da Wara ta Jihar Kebbi, mutane fiye da ɗari suka salwanta. Sanin iccen da ya dace, da nauyin da jirgi zai iya ɗauka, da lokacin da ya kamata a jingine shi don tsufa, ilimi ne da rayukan talakawa suka rataya a kansa har gobe.

Kammalawa

Shawarata uku ce. Ta farko, duk inda aka ajiye tsohon jirgi a ajiye gatari da gizago kusa da shi, tare da bayanin matakan sassaƙa cikin Hausa da sauran harsunan wurin. Ta biyu, a ɗauki masassaƙa su yi kwatankwacin na Dufuna da makaman dutse, a ƙirga kwanakin da ya ci, a sa shi a ruwa a ga mutum nawa zai ɗauka. Ta uku kuwa tamu ce, 'yan wannan ƙungiya. A hutu mai zuwa kowa ya nemi tsohon masunci ko mai fito a yankinsu, ya rubuto sunayen sassan jirgi da na makamai da camfe-camfen da ke tattare da sana'ar, mu tara mu buga a wannan mujalla. Ba a fafe gora ranar tafiya, tsofaffin nan kuwa kullum raguwa suke yi. Ƙasa mai laima ta riƙe mana amanar jirgin Dufuna shekara 8,000. Abin kunya ne a ce ilimin sassaƙa shi ya ɓace a hannun masu digiri. Allah Ya sa mu dace, amin.