Mai Gyaran Rubutun Ƙungiya

Duk ƙungiyar ci gaban gari da ta buɗe shafi a intanet takan samu kanta da marubuta barkatai, kowa da irin hannunsa. Sakatare ya turo sanarwar taro ta WhatsApp, ma'aji ya kawo bayanin kuɗi a Word, wani dattijo kuma ya rubuta ta'aziyya a takarda aka ɗauko hotonta. Akwai mutum ɗaya da ke karɓar waɗannan duka, ya zauna da su har su fito kamar daga baki ɗaya. Wannan mutumin gwani ne, kuma ya cancanci yabo.

Yakan fara da wanke rubutun, wato ya cire launi da girman haruffa da tazarar da ya kwaso daga inda aka fara buga shi. Kanu kuwa a gurbin kanu yake sa shi, ba ya tsayawa ga kaurara haruffa kawai, domin manhajar da ke karanta wa makafi shafi da kanun take gane sassansa. Hoto ma sai ya rage masa nauyi, don ya san da waya jama'arsa ke karatu, kuma data kuɗi ce.

Inda gwanintar take bayyana sosai shi ne wajen ƙa'idojin rubutu. Yana haɗe "suna" da "gidansu", yana raba "za su" da "ya ba shi", kuma ba ya gajiya da mayar da lanƙwasa a kan ƙ da ɗ da ɓ, ko da sau nawa aka turo masa su tsirara. Wannan ba ƙaƙale ba ne, gado yake riƙewa. Tun 1912 Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojin rubuta Hausa da boko. Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a Zariya a 1939 da Abubakar Imam a matsayin edita, ta saba wa masu karatu da tsararren rubutu. An zauna a Bamako a 1966, an sake zama a Yamai a 1980, duk don a daidaita hannu. Har yau Nijar na rubuta ƴ inda Nijeriya ta fi rubuta 'y, kuma mai gyara nagari zai zaɓi ɗaya ya tsaya a kai daga shafin farko har na ƙarshe.

Haka yake yi da kwanan wata. Idan aka rubuta 3/4/2025, ɗan ƙungiyar da ke zaune a Amurka zai ɗauka 4 ga Maris ake nufi, na gida kuwa ya karanta 3 ga Afrilu, shi ya sa gwanin ke rubuta sunan watan a cike. Sunayen mutane ma yana kaffa-kaffa da su: in an sa wa wani dattijo Alhaji, ba za a taƙaita na ɗan'uwansa zuwa Alh. ba, don irin wannan kan jawo ɓacin rai.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba ya barin wannan sani a kansa shi kaɗai. Yakan tattara ƙa'idojin a takarda guda, da misalai, ya raba wa duk mai turo rubutu. Shugabannin ƙungiyoyi, in kuna da irin wannan mutum, ku riƙa saya masa data, ku kuma haɗa shi da matasa biyu su koya a hannunsa.