Sheƙa, Kogo da Akurki: Yadda Bahaushe Ya San Tsuntsu

Bahaushe yana da sunayen tsuntsaye birjik, amma in aka zo maganar gidansu kusan kalma ɗaya yake juyawa: sheƙa. Da tarin ƙiraren da shamuwa ke jibgewa a kan bishiya, da 'yar jakar da marai ke saƙawa da ciyawa ya bar mata ƙofa ta ƙasa, duk sheƙa ce. Inda harshen ya fi bambantawa shi ne tsakanin na daji da na gida. Kaza akurki ake yi mata, tattabaru kuwa ɗaki, ko a kafa musu tukwane a jikin katanga. A wajen kaza ne ma kalmomin suka fi yawa: ta saka ƙwai, ta yi kwanci, ta ƙyanƙyashe, wanda bai yi ba a ce ya zama bara-gurbi.

To, ina sauran ilimin yake? Yana cikin karin magana da kirari. Duba kirarin hankaka, "mai da ɗan wani naka". Wani zai ɗauka zolaya ce kawai, alhali akwai tsuntsun da ba ya wahalar yin sheƙa, sai ya faki ido ya saka ƙwansa a ta hankaka, shi kuma ya yi kwanci ya rena. Masana tsuntsaye sun tabbatar da haka. Wanda ya fara wannan kirari ya daɗe yana kallon bishiya.

Haka shamuwa. Manomi bai buƙaci kalanda ba. Da ya gan ta ta sauka tana ɗinke tsohuwar sheƙarta, ya san damina ta ƙarato, sai ya fara gyaran gona. Shi ya sa take zama a tsakiyar gari ba mai jifanta. Cilakowa kuwa kogon itace take shiga, a toshe bakin da laka a bar 'yar kafa, namijin ya riƙa miƙo mata abinci har 'ya'yan su yi ƙwari. Ɗan'uwanta burtu ya shiga sana'ar maharba: siffar kansa suke ɗaurawa a goshi, su sunkuya su kusanci namun daji.

Wasu sunayen ma bayani ne a dunƙule. Jan-baki, wanda ke cinye gero da shinkafa a fadamun Haɗeja da Nguru, bakinsa aka duba. Ragon maza tafiyarsa ta kasala ce ta ja masa.

Abin damuwar shi ne suna ba ya daɗewa bayan mai shi ya ɓace. Ungulu da a da ba a rasa ta a mahauta, tun 2015 aka sa ta cikin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa. Yaron birni yana jin "ungulu ba kya jewar banza" bai taɓa ganin jewar ba. Ƙamusun Bargery na 1934 ya adana sunaye da dama, amma ƙamus ba ya nuna wa yaro bambancin carki da balbela a bayan saniya. Wannan aikin maharba ne da makiyaya da masunta, kuma suna nan da ransu. Malaman Hausa su je su same su da na'urar ɗaukar murya da kyamara tun ana iya nuna tsuntsun da yatsa.