'War Room': Imanin da ya huce, da addu'ar da ake karɓa nan take

FIM: War Room (2015)
DARAKTA: Alex Kendrick
LABARI: Alex da Stephen Kendrick
'YAN WASA: Priscilla Shirer, T.C. Stallings, Karen Abercrombie

Akwai wata fitowa a wannan fim da duk wanda ya kalle shi ba zai manta da ita ba. Elizabeth Jordan, dillaliyar gidaje, ta je wurin wata tsohuwa mai suna Clara da ke son sayar da gidan ta. Ana cikin hira sai tsohuwar ta tambaye ta yadda ta ke da addu'a, shin da zafi ko da sanyi? Elizabeth ta ce ita dai tsaka-tsaki ce. Da aka kawo mata kofi ta kurɓa, sai ta yamutsa fuska, domin ba zafi ba sanyi. Clara ta nuna mata cewa ai haka imanin ta ya ke.

Kirista mai kallo zai gane inda aka dosa nan da nan. A sura ta 3 ta Wahayin Yahaya an tsawata wa wata ikilisiya saboda ta zama ba zafi ba sanyi. To a kan wannan aka gina fim ɗin. Elizabeth ba ta bar addini ba, ta na zuwa coci jefi-jefi, ta na kiran kan ta mai bi. Sai dai abin ya zame mata al'ada kawai. A gida kuwa wuta ce ke ci. Mijin ta Tony, mai tallar magunguna na wani kamfani, mutum ne mai girman kai, idon sa na kan wata mace a waje, 'yar su Danielle kuma ta gaji da jin faɗan iyayen ta.

Maganin da Clara ta ba ta shi ne ta kwashe tufafin da ke cikin ɗan ɗakin ajiyar kayan ta, ta mayar da shi wurin addu'a, kamar yadda aka yi umarni da keɓewa a Matiyu sura ta 6. Shi ne 'ɗakin yaƙin' da fim ya samu suna daga gare shi. A nan darakta ya yi rawar gani. Bai nuna Elizabeth ta zama waliyyiya dare ɗaya ba. Farkon shigar ta ɗakin ta kasa natsuwa, ta na ciye-ciye, har barci ya kwashe ta wata rana. Duk wanda ya taɓa ƙoƙarin komawa ga ibada bayan dogon sakaci ya san haka abin ya ke. Karen Abercrombie kuma ta ɗauki fim ɗin a ka. Tsohuwa ce mai barkwanci da shisshigi, amma da ta faɗi nadamar ta a kan mijin ta da ya mutu ba ta yi masa addu'a yadda ya kamata ba, sai jikin mai kallo ya yi sanyi.

To amma fa akwai gyara. Daga lokacin da Elizabeth ta dage da addu'a, komai sai ya koma kamar famfo, ka murɗa ruwa ya zubo. A daren da Tony ya fita da waccan matar, matar sa na gida ta na roƙo, sai ciwon ciki ya turnuƙe shi, shirin ya wargaje. An kore shi daga aiki, ya tuba, ya mayar da magungunan da ya sata, shugaban kamfanin ya yafe kai shi kotu. Har ɗan fashi mai wuƙa ya saduda da Clara ta ambaci sunan Yesu. Haba! Ina matar da ta shekara goma ta na addu'a mijin bai canza ba? Me fim ɗin ya tanadar mata? Tsoro na shi ne ta fito daga kallo ta na zargin kan ta da raunin imani. Littafin Zabura kan sa cike ya ke da kukan bayin da su ka kira su ka ji shiru, kuma ba su saki igiya ba. Wannan ɓangaren na kusantar Ubangiji, wato haƙuri da jinkiri, marubutan sun tsallake shi.

Gyara na biyu mun saba ganin irin sa a finafinan mu na Hausa da littattafan soyayya: miji ya yi ɓarna, a ɗora wa matar nauyin gyara. An ce wa Elizabeth ta daina faɗa da Tony, ta bar wa Allah. Shawara ce mai kyau a gidan da matsalar ba ta wuce cacar baki ba, amma fim bai ja layi ba ga matar da ake cuta fiye da haka. Gaskiya ne a ƙarshe Tony ya durƙusa ya wanke mata ƙafa, fitowa mai taɓa zuciya, sai dai tuban nasa ya zo da sauƙi ƙwarai.

Duk da haka jama'a sun karɓe shi. Da kimanin dala miliyan 3 aka shirya shi, ya tara sama da miliyan 70, har ya hau matsayi na ɗaya a sinimomin Amurka a mako na biyu da fitowar sa. Masu son karatu kuma, Chris Fabry ya mayar da labarin littafi a shekarar 2015 ɗin.

Shawara ta ga mai kallo ita ce ya riƙe rabin farko na fim ɗin da kyau, domin a nan gaskiyar ta ke: imani ya kan huce ba tare da mai shi ya lura ba, kuma farfaɗo da shi na buƙatar wuri, da lokaci, da wani babba da zai faɗa maka gaskiya. Rabin ƙarshen kuwa a kalle shi a matsayin fim.