Auta Cikin Fatar Dodo

A ƙauyukan da ke tsakanin Talata Mafara da Bakura da Maradun, irin su Tsibiri, babu yaron da ya tashi bai ji sunan Dodo ba, amma kuma babu mai iya faɗin kamanninsa sosai. Wata tsohuwa ta ce gashi gare shi har ƙasa, wata ta ce cikin gulbi ya ke zaune, wata kuwa ta ce ba a ganin kome nasa sai baki. Wannan rashin kamanni shi ne rabin ƙarfinsa, gama abin da ba a san siffarsa ba, kowa da irin tsoron da ya ke ƙera masa. Turawa su ma suna da nasu dodon, suna kiransa diragon, sai dai su sun yanka masa siffa sun gama: ƙaton maciji ne mai ƙafafu da fukafukai, yana aman wuta, yana kwance bisa tarin zinariya. Abin da ya fi kusa da shi a labarun Hausa shi ne macijin rijiyar Kusugu ta Daura, wanda Bayajida ya sare wa kai.

A cikin 1974 waɗansu Amurkawa biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, suka fito da wani wasa mai suna Dungeons & Dragons. Ga yadda a ke yinsa. Mutum huɗu ko biyar su kewaye tebur. Ɗayansu shi ne mai ba da labari, ya ce musu ga daji, ga kogo, ga abin da ke kwance bakin kogon. Sauran kowa ya ɗauki mutum guda na cikin labarin ya zama shi, an rubuta ƙarfinsa da wayonsa a takarda da lambobi. In mai wasa ya ce zai tsallake rami, ba a tsayawa gardama, sai ya jefa 'yar ƙwaya irin ta ludo, wata ma fuska 20 gare ta, abin da ta nuna shi zai raba ko ya tsallake ko ya faɗa. Babu wanda ya san ƙarshen labarin, har shi mai bayarwa.

Da fari dodon abin kashewa ne a ƙwace dukiyarsa. Daga baya waɗansu suka juya abin domin yara da masu son raha, aka mai da masu wasa su ne 'ya'yan dodon, ƙanana, ba su gama koyon tashi ba, in sun yi atishawa tabarma ta kama wuta, aikinsu satar ƙwalama da shiga inda aka hana su. Akwai wani mai suna Epyllion, wanda wata mata Marissa Kelly ta shirya, wanda ya ɗora wasan bisa zumunci tsakanin 'yan dodannin. A cikinsa ƙwaya biyu a ke jefawa masu fuska 6, a haɗa lissafi. In an sami 10 ko fiye, bukata ta biya. In 7 zuwa 9 ne, ta biya amma da hasara. In 6 ne ko ƙasa, sai mai ba da labari ya jawo wata wahala.

To, mai karatu wanda ya yi kwanan ɗakin kakarsa zai ce ai ya san wannan yaro. Lalle ya san shi, amma ba ɗan Dodo ba ne, Auta ne. Yadda a ke yawan ba da tatsuniyar, iyayensa da za su mutu suka bar wa yayarsa wasiyya kada ta bari ya yi kuka. Da wannan ya ɗaure ta. Ya ce zai ƙone rumbu, ta hana, ya buɗe baki, ta ce ƙone. Suka shiga duniya ba hatsi. Ya yi ɓarna a gidan sarki, suka gudu suka hau itace, sarki da jama'arsa suka zo suka zauna a gindin, Auta ya sako musu abin da ba ya faɗuwa. Ƙadangaren da ya taimake su bai tsira daga hannunsa ba, tsuntsun da ya ɗauke su ya tashi da su shi ma sai da Auta ya tsokane shi ya zubo su. Can suka sauka wani gari inda Dodo ke shigowa da dare yana kirari, kowa ya rufe ƙofa ya yi tsit. Auta kaɗai ya amsa masa, don shi bai san abin da a ke kira bari ba. Ya gasa duwatsu, Dodo ya buɗe baki, ya watsa masa, ya mutu.

A nan ne gwanintar tatsuniyar ta ke, kuma a nan ta fi wasan tebur nesa. Halin da ya ƙone rumbu shi ne dai halin da ya kashe Dodo, ba a sāke wa yaron zuciya a tsakiyar labari ba, ba a sa shi ya tuba ba. Tsohuwar da ke bayarwa ba ta ce rashin ji abin kirki ne ba, ba ta kuma ce ba shi da rana ba, ta bar yara da abin su yi ta juyawa. Sa'an nan kowace ɓarna ta Auta akwai mai biyanta, watau yayar nan tasa, wadda ba ta iya hana shi, ba ta kuma iya yar da shi. Yara suna dariyar Auta, amma 'yan matan da ke goyon ƙanne, waɗanda su ne rabin masu sauraro, ita su ke kallo. 'Yan dodannin tebur kuwa, galibinsu ɓarnarsu ba ta da mai biya. A fasa tukunya, a ƙone tabarma, a yi dariya, gobe a tarar da sabuwa. Abin da ya fi wannan, tun da aka sa Auta cikin fatar Dodo, sai a rasa wanda za a gasa wa duwatsu. Dole masu shirya wasan su ƙago wani abin tsoro dabam, shi kuwa sabon ba ya kai tsohon kwarjini.

Amma fa ba daidai ba ne a raina wasan, don ya riƙe wani abu da littattafai suka saki. An daɗe ana rubuta tatsuniyoyin Hausa. Frank Edgar ya buga Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa, littafi 3, tsakanin 1911 da 1913, da yawansu malaman ƙasar Sakkwato ne suka rubuta da ajami. Ibrahim Yaro Yahaya kuma ya fito da Tatsuniyoyi da Wasanni tun daga 1971. Aiki ne na a gode, ba domin su ba da an yi hasarar da yawa. Duk da haka tatsuniyar takarda kamar kifi ce a bisa tire, siffarsa na nan amma ba ya iyo. A ɗaki, in Dodo ya yi kirarinsa yara ne ke amsawa da bakin Auta. Wani ya katse ya ce ba haka aka faɗa jiya ba, tsohuwa ta ƙara ko ta rage gwargwadon yadda ta ga idanunsu. Ko wasan kwaikwayo da aka rubuta bai mai da wannan ba. Wasan Marafa, wanda Abubakar Tunau, mutumin Mafara, ya wallafa a 1949 don koyar da tsabta da kiwon lafiya, yana sa yara su tashi su yi magana, amma maganar da aka riga aka rubuta musu ce, ƙarshenta kuwa sananne. A wasan tebur yaro shi ke zaɓen abin da zai yi, ya ga abin da zaɓensa ya jawo. Dabarar nan ta 7 zuwa 9, watau a sami bukata amma da hasara, da masu wasa za su riƙe ta da gaske, ita ce ta fi kusa da ruhin tatsuniyar Auta.

Zancen ƙwayar jefawa shi ne zai fi tsaya wa iyaye a rai, kuma suna da hujja, gama ta yi kama da kayan caca, malamai da yawa kuwa ba su yarda da wasa da ita ba ko da ba kuɗi. Masu dara ma za su ce wasan da sa'a ke rabawa ba wasan manya ba ne. Wannan ba shi da wuyar gyara, ana iya sa kacici-kacici a maimakonta, wanda ya cinta ya tsallake ramin, wanda ya kasa ya ba da gari.

Akwai dalilin da ya sa maganar ta wuce ta raha. Tun wajen 2011 'yan bindiga suka dami ƙauyukan Zamfara, ƙasar Maradun na cikin inda abin ya yi tsanani. A wurare da yawa dandali ya mutu, in magariba ta yi kowa ya rufe ƙofa ya yi tsit, kamar mutanen garin nan na cikin tatsuniya. Yaron da ya tashi a haka ba ya bukatar a koya masa tsoron abin da ke shigowa gari da dare, wataƙila ma ɗan dodon da ke atishawa ya ƙone tabarma ya fi yi masa daɗin ji. Wasan kuwa cikin ɗaki a ke yinsa, fitila guda ta isa, da mutum ɗaya wanda ya iya karatu ya riƙe takarda, irin waɗanda suka fito daga ajin yaƙi da jahilci. Wanda zai shirya wa yaran Tsibiri irinsa ba shi da bukatar aron fukafukai daga Amurka, ga Gizo da Ƙoƙi da kura da dila suna jira. Wahalarsa guda ce. Kowane yaro zai ce shi ne Auta, sai ya nemi wadda za ta yarda ta zama yayar, ya kuma rubuta mata a takardarta abin da za ta iya yi ran da Auta ya ɗauko wuta ya nufi rumbu.