Tsadar Fim da Ra'ayin Bourdieu Kan Hoton Iyali

Manufar wannan takarda ita ce sake duba ra'ayin Pierre Bourdieu, masanin zamantakewa ɗan ƙasar Faransa, kamar yadda ya zo a littafin Un art moyen, wanda ya fitar tare da abokan aikinsa a 1965. A ganinsa, mai ɗaukar hoto don sha'awa ba shi ne ke zaɓen abin da zai ɗauka ba. Al'ada ce ke zaɓa masa, wato biki da haihuwa da hutu da taron dangi, domin aikin hoto shi ne ƙarfafa zumunci.

A tawa fahimtar, Bourdieu ya ɗora wa al'ada kayan da rabinsu na aljihu ne. Kyamarar Kodak ta 1888 dala 25 ce, da fim na hoto 100 a cikinta. In ya ƙare sai a mayar da ita Rochester a wanke. A 1900 aka fito da Brownie a kan dala 1 kacal. Kyamara ta yi araha ke nan, amma ribar kamfani tana cikin fim da wanki, saboda haka kowane hoto da kuɗinsa. Magidancin da ke riƙe da fim mai hoto 24 ba zai ɓata guda a kan kwanon abinci ba. Zai jira ranar biki. Abin lura kuma, kamfanin Kodak-Pathé ne ya ɗauki nauyin binciken na Bourdieu.

Hanyar gwada ra'ayin ita ce a cire kuɗin fim a ga abin da zai saura. An kuwa cire shi. A 1975 Steven Sasson, injiniya a Kodak ɗin, ya harhaɗa kyamarar da ba ta bukatar fim, tana ɗaukar daƙiƙa 23 kafin ta adana hoto ɗaya a kaset. A 2012 kamfanin ya nemi kariyar kotu saboda bashi. Da kyamara ta shiga wayar hannu, sai ga mutane suna ɗaukar rasit da allon darasi da hajar sayarwa, abubuwan da ba ruwansu da zumunci.

Duk da haka ban ce a yar da littafin ba. A cikin dubban hotunan da ke waya, wanda ake kaiwa a buga a rataye a falo har yanzu na aure ne ko na kammala karatu.