3.3 Bikin Kyaututtukan Bidiyon Waƙa na MTV: Gasa ce ko Wasa?

A sashen da ya gabata an nuna yadda tashar talabijin ta MTV, wadda aka buɗe a Amurka ranar 1 ga Agusta, 1981, ta mayar da waƙa abin kallo, alhali a da abin saurare ce. A nan kuma za a dubi bikin da tashar take shiryawa kowace shekara domin raba kyaututtuka ga faya-fayan bidiyon waƙa. Abin da wannan nazari yake son tabbatarwa shi ne, ko da yake da sunan gasa ake yin bikin, abin da ya ba shi matsayi a idon jama'a shi ne wasan da ake yi a kan dandamali, ita kuwa kyautar dalilin taruwa ce kawai.

An fara wannan biki ne ranar 14 ga Satumba, 1984, a zauren Radio City da ke birnin New York. Kyautar da ake bayarwa ɗan mutum-mutumi ne na ɗan sama-jannati riƙe da tuta, wanda aka ɗauko daga tambarin tashar. Tun a wannan dare na farko aka ga alamar abin da bikin zai zama. Babbar kyauta, wato ta bidiyon shekara, ƙungiyar The Cars ce ta samu da waƙar "You Might Think", ta kayar da "Thriller" na Michael Jackson, fim ɗin da John Landis ya ba da umarni, mai tsawon kusan minti 14. A yau da wuya a sami mai nazarin da zai ce an yi hukuncin daidai, amma kuma da wuya a sami wanda abin ya dama. Abin da aka riƙe daga daren shi ne fitowar Madonna daga saman wani ƙaton kek na biki, sanye da rigar amarya, tana rera "Like a Virgin" har da birgima a ƙasa. Ba ta ci komai ba a daren, amma ita ta tafi da shi.

Adalci ne a faɗi cewa a shekarun farko bikin ya kula da fasaha. Bidiyon "Rockit" na Herbie Hancock ya sami kyauta 5 a 1984, sa'annan "Sledgehammer" na Peter Gabriel ya kwashi 9 a 1987, kuma duka biyun ayyuka ne da suka zo da sabon salo na sarrafa hoto. Sai dai darektoci da masu tace hoto da masu tsara rawa, waɗanda su ne ainihin maƙeran bidiyon, ba su ake haskawa ba. Fuskar mawaƙi ita ce hajar da tashar take tallatawa.

Babu misalin da ya fito da wannan hali fili kamar abin da ya auku a 2009. An kira Taylor Swift, tana da shekara 19, don ta karɓi kyautar bidiyon mace mafi kyau saboda "You Belong with Me". Tana cikin jawabin godiya sai Kanye West ya hau dandamali, ya karɓe makirfo, ya ce bidiyon Beyoncé ne ya cancanta. Nan take na'urar ɗaukar hoto ta juya ga fuskar Beyoncé, wadda mamaki ya kama. A ƙarshen daren, da Beyoncé ta ci kyautar bidiyon shekara da "Single Ladies", sai ta gayyato yarinyar ta zo ta ƙarasa jawabinta. Idan aka dubi wannan da idon mai nazarin wasan kwaikwayo, za a tarar da duk abin da ake nema: ga mai cin zali, ga wadda aka zalunta, ga mai share hawaye, ga kuma warwarar rikici kafin a tashi. Abin lura a nan shi ne, gardamar da Kanye ya tayar gardama ce ta fasaha, wato wane bidiyo ya fi wani, amma ba a tsaya an tattauna ta ba. Maganar tarbiyyarsa aka yi ta yi. Wannan nazari ba ya da'awar cewa tashar ce ta shirya abin. Abin da ake iya gani dai shi ne yadda ta ci moriyarsa, domin a 2015 Taylor Swift aka sa ta miƙa wa Kanye babbar kyautar girmamawa, shi kuma ya rufe dogon jawabinsa da cewa zai tsaya takarar shugabancin Amurka a 2020. Ke nan an mayar da rigimar labari mai dogon zango.

Haka abin ya ci gaba da tafiya. Lady Gaga ta ci kyauta 8 a 2010, amma rigar ɗanyen nama da ta saka ita ce ta shiga tarihi. A 2011, shekarar da bikin ya fi samun masu kallo, mutum miliyan 12.4, labarin da ya bazu shi ne Beyoncé ta shafa cikinta a ƙarshen waƙa don nuna tana da juna biyu. A lokacin kuwa tashar da kanta ta rage nuna bidiyon waƙa, ta koma ga shirye-shiryen rayuwar matasa, masu kallo kuma sun koma YouTube. Bugu da ƙari, tun daga 2006 masoya ne suke kaɗa ƙuri'a a manyan rukunai, saboda haka wanda ya fi yawan mabiya a intanet shi ya fi kusa da kyauta.

Duk da haka, ba za a ce bikin ba shi da nauyi ba, domin ta wurinsa ake gane wanda aka buɗe wa ƙofa da lokacin da aka buɗe ta. A 1983 David Bowie ya tuhumi tashar, a hirar da ta yi da shi, kan ƙarancin baƙaƙen mawaƙa a shirye-shiryenta. A 1991 kuma sai ga shi an sa wa kyautar girmamawa sunan Michael Jackson. Mawaƙan Afirka sai a 2023 suka sami rukuni nasu, na Afrobeats, wanda Rema na Nijeriya ya ci tare da Selena Gomez da waƙar "Calm Down". A 2024 Tyla ta Afirka ta Kudu ce ta ci da "Water", kuma a jawabinta ta nuna rashin dacewar cusa dukkan kiɗan nahiyar a ƙarƙashin suna ɗaya, ta ce ita amapiano take wakilta. A ganin mai wannan nazari ƙorafin nata yana kan hanya, domin an yanka rukunin ne daidai da abin da kasuwar Amurka ta riga ta sani, shi ya sa aka haɗa kiɗan Legas da na Johannesburg a kwando guda.