BABI NA HUƊU: MAZANTAKA DA ƊABI'A DA RASHIN MANUFA A CIKIN ƘARSHEN ALEWA ƘASA

4.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin zubi da tsarin littafin Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, wanda aka buga a 1982 bayan gasar da Sashen Al'adu na Gwamnatin Tarayya ya shirya. A wannan babi kuwa za a dubi tauraron littafin, wato Mailoma, ta fuskar mazantaka da ɗabi'a da rashin manufa. Abin da ake son tabbatarwa shi ne, marubucin ya nuna abin da jarunta kan koma idan aka raba ta da dalilin yin ta.

4.1 Mazantaka

A wurin Bahaushe, ba a kiran mutum namijin duniya don ƙarfin damtse kawai. Sai an ga wanda ya tsare da ƙarfin nan, ko garinsu ko iyalinsa ko addininsa. Misalin wannan a ƙagaggun labarai shi ne Ganɗoki na Bello Kagara, ɗaya daga cikin littattafan gasar 1933. Ganɗoki mai cika baki ne, mai son yaƙi, amma ya san wanda yake yaƙa, wato Nasara, ya kuma san abin da yake karewa.

Mailoma yana da zuciya irin ta Ganɗoki, sai dai zamaninsa daban ne. Shi ɗan zamanin yaƙin basasa ne (1967 zuwa 1970), yaƙin da ya kumbura rundunar sojan Nijeriya daga kimanin mutum 10,000 zuwa kimanin 250,000. Da aka ajiye makamai, dubban matasa sun wayi gari babu sana'ar da suka ƙware a kai kamar harbi. Daga irin waɗannan mutane marubucin ya gina Mailoma da yaransa, waɗanda suka karkata ga harkar wiwi da makamai da kisan kai. Saboda haka mazantakar Mailoma gwaninta ce da ta rasa ubangida, ta koma yi wa kanta aiki.

4.2 Ɗabi'a

Kirk-Greene (1974) ya kawo siffofin mutumin kirki a wurin Hausawa, daga ciki akwai gaskiya da amana da karamci da haƙuri da kunya da mutunci. Idan aka auna Mailoma da wannan ma'auni za a ga abin ban tsoro, domin bai rasa siffofin gaba ɗaya ba, juya su ya yi. Yana da haƙuri, amma na mai dakon abin farauta. Yana neman amana daga yaransa, amma tsoro da kuɗi ne ke riƙe da ita. Kunya ce kaɗai ba ta da gurbi a wurinsa, ita ce kuwa ke hana mai ƙarfi cin zali.

A nan ya kamata a yi hattara da wata fahimta mai sauƙi, wato jingina muguntar Mailoma ga kasancewarsa Bamaguje. Mutanen da ya tara sun fito ne daga ƙabilu dabam-dabam, abin da ya haɗa su kuwa bindiga ce da kwaɗayi. Cutar da littafin ya bayyana ta ƙasa ce baki ɗaya.

4.3 Rashin Manufa

Sunan littafin karin magana ne, kuma akan ɗauke shi a matsayin gargaɗi, wato duk abin da mugu ya tara ƙarshensa halaka. Wannan fassara tana da hujja, amma ba ta ƙure maganar ba. Alewa ba mugun abu ba ce, abu ne mai zaƙi da kowa ke so. Ke nan karin maganar tana iya nufin cewa duk wani daɗi, na halal da na haram, ƙasa zai koma. Fassara ta farko wa'azi ce, ta biyu kuwa ita ce irin tunanin wanda ya ga mutuwa har ta daina ba shi tsoro. Ƙarfin littafin yana cikin barin ƙofofin nan biyu a buɗe.

Za a ƙara fahimtar wannan idan aka kwatanta da Willi Heinrich (1920 zuwa 2005), Bajamushen da ya yi yaƙi a fagen Rasha, wanda fim ɗin Cross of Iron na 1977 ya fi shi suna, alhali daga littafinsa Das geduldige Fleisch (1955) aka ɗauko shi. Heinrich ya raba mazantaka gida biyu: Stransky, hafsan da ke neman lambar yabo ko da jinin wasu, da Steiner, wanda bai yarda yaƙin yana da wata ma'ana ba, amma ya riƙe amanar 'yan rukuninsa. Gagare ya haɗa biyun a jikin mutum ɗaya: Mailoma yana da ƙwarewar Steiner da son kan Stransky. Dalili kuwa shi ne, Heinrich ya tsaya a fagen fama inda abota ke da amfani, Gagare ya bi soja har gida bayan an tashi.

4.4 Naɗewa

Littafin bai sami kulawar da ta dace da shi ba, ganin yadda littattafan soyayya na Kano suka mamaye kasuwa jim kaɗan bayan fitowarsa. Amma ga mai karatu a Magami ko Tsafe ko Bunguɗu, inda 'yan bindiga suka addabi ƙauyuka da hanyar Gusau zuwa Ɗansadau tun daga wajen 2011, Mailoma ba baƙo ba ne. Gaskiya ne tushen rikicin Zamfara daban yake, domin ya shafi rigimar manoma da makiyaya da satar shanu. Duk da haka tambayar da Gagare ya ɗora ita ce dai ake fama da ita: yaya za a yi da saurayin da ya gano cewa bindiga ce kaɗai ke sa a kira shi namiji? A babi na gaba za a dubi matsayin mata a littafin.